Lafiyar Iyali: Ruwan da ke ɗiga daga hanci ko kunnen yaro bayan ya bugu a kai

Ina gaida iyaye maza da ke kasuwanni da tashoshin mota, da iyaye mata da ke riƙe da gida, tun daga Nima da Sabon Zango a Ankara, zangon Kumasi da Tamale, har Kwatano, Lome, Yawunde, Duwala da Injamena. Allah Ya ba da kasuwa, Ya raya mana zuri'a.

Yau zan yi magana a kan wani abu da ba kullum ake gamuwa da shi ba, amma ranar da ya faru a gidanka za ka so a ce ka taɓa jin labarinsa. Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ko babur ya kwashe shi, ko ya zame daga kan kaya a bayan mota. Ya yi kuka, an lallashe shi, an duba jikinsa ba karaya, an yi hamdala. Da daddare ko washegari sai uwa ta ga wani ruwa garai-garai yana ɗiga daga hancinsa, ko ta tarar matashin kai ya jiƙe ta gefen kunne ɗaya. Yawancinmu za mu ce mura ce, ko ragowar hawaye, ko ruwan wanka ne ya shiga kunne. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma a wasu lokutan wannan ruwa daga cikin ƙoƙon kai yake fitowa, kuma bambance su biyun shi ne abin da nake so mu koya yau.

Wane ruwa ne wannan?

Ƙwaƙwalwa ba a zaune take kan ƙashi kai tsaye ba. Tantani uku ne suka lulluɓe ta, ita da lakar da ta bi ta cikin ƙashin baya, kuma a tsakanin tantanin akwai wani ruwa fari tas kamar na famfo. Cikinsa ƙwaƙwalwa take iyo. Shi yake tare mata jijjiga idan mutum ya yi tsalle ko ya bugu, shi yake taimakawa wajen kwashe dattin da take fitarwa. A jikin babban mutum ruwan yakan kai kimanin mililita 150 a kowane lokaci, wato bai cika rabin kwalbar lemo ba, amma jiki na ƙirƙiro kusan mililita 500 a kowace rana, kwatankwacin ledar ruwan sha guda, yana sabunta shi yana zuƙe tsohon. Na yaro bai kai haka yawa ba, sai dai aikin ɗaya ne.

Ƙasan ƙoƙon kai, inda ƙwaƙwalwa ta zauna, shi ne rufin hanci da rufin gurbin ido da rufin cikin kunne. A saman hanci ƙashin siriri ne ƙwarai, ga shi da 'yan hudoji kamar rariya, ta nan jijiyoyin jin ƙamshi suke wucewa. Idan bugu ya tsaga wannan ƙashi, ya kuma yaga tantani na waje mai kauri, to ruwan ya samu hanya. In tsagar ta gaba ce, ta hanci zai fito. In ƙashin gefen kunne ne ya tsage kuma dodon kunne ya fashe, ta kunne zai fito. In dodon kunne bai fashe ba, ruwan yakan bi wata 'yar hanya da ta haɗa kunne da bayan hanci, sai yaron ya riƙa jin wani abu na gangara masa a maƙogwaro yana haɗiyewa, ba wanda ya gani.

Yara sun fi manya buguwa a kai, saboda kan yaro babba ne a kan jikinsa, in zai faɗi kan ne yake yin gaba. Amma cikin ikon Allah irin wannan yoyo bai cika samunsu kamar manya ba, don ƙashinsu na da taushi, kuma kogunan iska da ke cikin ƙashin fuska ba su gama buɗewa ba. Na goshi ma ba ya bayyana sosai sai yaro ya kai shekarun shiga firamare. Wannan ne ya sa a ƙananan yara an fi ganin yoyon ta kunne, a waɗanda suka tasa kuwa ana ganinsa ta hanci kamar na manya. Akwai kuma wata hanya da ake raina ta: yaro na gudu da fensir, ko asuwaki, ko tsinken tsire a hannu, ya faɗi, abin ya shige ta hanci ko ta saman ido. Ciwon da za ka gani a waje ɗan mitsitsi ne, amma tsinin na iya kaiwa har ciki.

Yadda za a gane shi

Majinar mura tana da yauƙi, ta hanci biyu take zuwa, da atishawa da toshewar hanci, kuma bayan kwana biyu takan yi kauri ta canza launi. Ruwan ƙwaƙwalwa tsinkakke ne, ba yauƙi, galibi ta ƙofar hanci ɗaya. Ɗiga yake yi, kuma yakan ƙaru in yaro ya sunkuya: wajen ɗaura takalmi, wajen wanke-wanke, wajen ruku'u da sujada, ko in ya yi yunƙuri a bayan gida. Yaron da ya yi wayo zai ce maka yana jin gishiri-gishiri a baki, ko ɗanɗano kamar ya tsotsi kwabo. Wani zai yi ƙorafin ciwon kai da ke tsananta in ya tashi zaune ko tsaye, ya lafa in ya kwanta. A ranar farko ruwan yakan zo gauraye da jini, sai a ɗauka haɓo ne da ya ƙi tsayawa. Haɓo na daskarewa. In jini ya ci gaba da zuwa tsararo yana ƙara haske har ya koma ruwan hoda, to a yi hattara.

Akwai alamun da ke nuna ƙasan ƙoƙon kai ya tsage ko da ba a ga ruwa ba. Kewayen idanu biyu ya yi baƙi kamar an shafa kwalli ya dame, alhali ba a idon ya bugu ba. Jini ya kwanta a bayan kunne. Jin yaron ya ragu, ko bakinsa ya karkace gefe guda, ko ya daina jin ƙamshin abinci. Ku lura, baƙin ido da na bayan kunne ba sa fitowa nan take, sukan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku. Don haka duba yaro a ranar da ya faɗi kawai bai wadatar ba. Yawancin yoyon kan bayyana cikin kwana biyu na farko, amma akwai wanda sai bayan makonni, lokacin da kumburi ya sace, gudan jinin da ya toshe tsagar ya narke.

Wataƙila wani ya taɓa gaya muku dabarar ɗiga ruwan a kan farin ƙyalle: in jini ya tsaya a tsakiya, wani zobe mai haske ya kewaye shi, wai ruwan ƙwaƙwalwa ne. Ma'aikatan lafiya sun san wannan, amma ba hujja ba ce, domin hawaye ko ruwan famfo in suka gauraya da jini su ma sukan yi irin zoben. Ganin zobe dalili ne na tafiya asibiti. Rashin ganinsa ba dalili ne na zama a gida ba.

Ina haɗarin yake?

Mutane sukan tambaye ni ko ruwan zai ƙare ƙwaƙwalwa ta bushe. A'a, jiki na maye gurbinsa. Haɗarin shi ne ƙofar da ta buɗe. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hancin kowane yaro, har mai ƙoshin lafiya, cike yake da ƙwayoyin cuta da ke zaune lafiya a wurin. Hanyar da ruwa ya bi ya fito, ita za su bi su shiga, su kama tantanin ƙwaƙwalwa. Sanƙarau ke nan.

Mu ba baƙin sanƙarau ba ne. Yankin da ya tashi daga Senegal ya dangana da Habasha, wanda ya haɗa arewacin Najeriya, Nijar, Chadi, Burkina Faso, arewacin Ghana da arewacin Kamaru, shi duniya ta sani da wannan cuta, musamman daga shigowar hunturu zuwa ƙarshen bazara. Dattawanmu ba su manta annobar 1996 ba. Daga 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso, Mali da Nijar, ta kuma karya lagon nau'in da ya fi jawo annoba. To amma ga inda nake so ku fahimta: ƙwayar da ta fi kawo sanƙarau bayan tsagewar ƙoƙon kai daban take da ta annoba. Ita ce ƙwayar nan da ke kawo ciwon huhu, kuma allurarta daban ce, wadda ake yi wa jarirai a awo. Kamaru ta fara ta a 2011, Ghana a 2012, Nijar da Najeriya a 2014. 'Ya'yanmu da ake haifa a wata ƙasa a yaye su a wata su ne suka fi tsallake allurai. Ku nemo katin awo ku duba, ku kuma tambayi likita, domin yaron da ya samu irin wannan yoyo akan ba shi shawarar ƙarin rigakafin wannan ƙwaya.

Haɗarin sanƙarau yana ƙaruwa sosai in yoyon ya wuce mako guda bai tsaya ba. Kuma ko ya tsaya, wani lokacin tsagar ba ta rufe da kyau ba, sai ciwon ya taso bayan watanni, har bayan shekaru. Duk yaron da ya yi sanƙarau sau biyu, a tuna ko ya taɓa buguwa a kai, a gaya wa likita. Haɗari na biyu iska ce: in yaro ya face hanci da ƙarfi, yana iya tura iska da majina cikin ƙoƙon kai.

Abin da za a yi, da wanda za a bari

Don Allah kar a toshe. Kar a cusa auduga ko tsumma a kunne ko hanci. Kar a ɗiga komai: ba man zaitun, ba man habbatus sauda, ba man kaɗanya, ba ruwan albasa, ba ruwan nono, ba maganin ɗigawa na kemis. Waɗannan abubuwa suna da nasu gurbin a gidajenmu, amma a nan duk abin da ka zuba, ka zuba shi ne a bakin ƙofar ƙwaƙwalwa. Kar a wanke cikin kunne, kar a yi masa shaƙe ko turare, kar a ce ya face hanci a ga abin da zai fito. Yaron da ya fara salla ya dakata da shaƙa ruwa a hanci wajen alwala da dogon sunkuyo har likita ya sallame shi, malamanmu sun san sauƙin da aka yi wa maras lafiya. Mai ɗori kuma ba shi da aiki a nan, tausa da matsa kai sai dai su ƙara ɓarna.

A ɗora ƙyalle mai tsabta a kan kunnen ko ƙarƙashin hancin, sako-sako, ya riƙa tsotse abin da ya fito. In yaron na cikin hayyacinsa kuma wuyansa ba ya ciwo, a kwantar da shi a ɗaga kansa da kafaɗunsa kaɗan. In daga wuri mai tsawo ya faɗo, ko mota ce ta buge shi, ko yana kukan wuya, to kar a sungume shi a saɓa a kafaɗa. A riƙe kai da wuya a miƙe, a ɗauke shi a kan wani abu mai faɗi. In ana so a rage masa zafi, farasitamol ya isa daidai da shekarunsa. A guji asfirin da dangoginsa na ciwon jiki, don suna iya ƙara zubar jini. In yana gyangyaɗi kar a ɗura masa ruwa ko kunu. Kar kuma a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a fara ba shi wai don rigakafi. Binciken da aka tattara bai nuna cewa hakan na hana sanƙarau ba, kuma yana iya rikita gwajin da za a yi daga baya. Wannan hukuncin likita ne.

Sai asibiti, a ranar, ko da yaron na wasa yana cin abinci. In kuwa ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko yana amai a kai a kai, ko jijjiga, ko barci mai wuyar tashi, ko ruɗewa, ko wani sashe na jikinsa ya saki, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, ko maɗigar jariri ta kumbura, to ba a jiran gari ya waye. Haka ma zazzaɓi da sanƙarewar wuya da gudun haske a kwanakin da suka biyo baya. Kar a ce maleriya ce a tsaya shan magani a gida.

A asibiti

Mu baƙi matsalarmu ta farko harshe ce. Ku tafi da wanda ya iya yaren wurin. A ƙasashen Ingilishi sunan ruwan a taƙaice CSF, a na Faransanci LCR. Ko waɗannan haruffa uku kaɗai ka faɗa kana nuna hanci ko kunnen yaron, ma'aikaci zai gane abin da kake tsoro. Ku faɗi ranar da ya bugu, daga ina ya faɗo, ko ya suma, da ta wane gefe ruwan ke fita. In ruwan na zuwa yana ɗaukewa, ku ɗauki bidiyonsa a waya, in da hali ku tari 'yan ɗigo a kwalba mai tsabta. Faɗin wannan tun a bakin ƙofa yana da amfani, domin yaron da ake zargin ƙasan ƙoƙon kansa ya tsage ba a zura masa roba ta hanci.

Hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna irin wannan tsaga. Hoton da ke nunawa shi ne na babbar na'urar da ake shigar da kai ciki, wanda ake kira siti sikan, a ƙasashen Faransanci kuma sikana. Akwai gwajin wani sinadari da ke tabbatar da cewa ruwan na ƙwaƙwalwa ne, sai dai ba kowane asibiti ke da shi ba. Don haka in ƙaramin asibiti ya tura ku gaba, ku tafi. Manyan asibitoci irin su Korle Bu a Ankara, Komfo Anokye a Kumasi, asibitin koyarwa na Tamale, babban asibitin ƙasa na Yamai, ko Asibitin Malam Aminu Kano, irinsu ne ke da likitocin ƙwaƙwalwa da na kunne, hanci da maƙogwaro.

Ga albishir: mafi yawan irin wannan yoyo na tsayawa da kansa cikin mako guda, ba tare da an yi aiki ba. Abin da ake yi shi ne a kwantar da yaro, a ɗaga kan gadon, a hana shi face hanci da yunƙuri, a ba shi abin da zai sassauta masa bayan gida, a koya masa buɗe baki in atishawa ta zo, a kuma sa masa ido don alamun sanƙarau. Iyaye da yawa a nan suke gajiya. Kwana uku ana biyan kuɗin gado, ba allura ba ƙarin ruwa, sai uba ya ce ai ba abin da suke yi masa, a sallame mu. Kwanciyar ita ce maganin, sa idon kuma shi kake biya. In yoyon ya ƙi tsayawa, akan sa 'yar roba a ƙasan baya ta rage ruwan na 'yan kwanaki don tsagar ta samu ta rufe. Na san tsoron da mutanenmu ke yi wa maganar ɗiban ruwan baya. Allurar ana shigar da ita ne ƙasa da inda laka ta ƙare, kuma ita ce hanyar da ake gane sanƙarau da irin ƙwayar da ta kawo shi. In duk wannan bai yi ba, sai a yi aiki a liƙe tsagar. Ta hanci ma a yau galibi ana bi ta cikin hancin ne da 'yar kyamara, ba sai an buɗe kai ba.

Namu na fatake

Akwai abubuwa huɗu da suka shafe mu musamman. Na farko, maigida na kan hanya, uwargida na jiran izini da kuɗi, ga waya ba ta shiga. Alhaji, kafin ka tafi ka bar izini a buɗe: in yaro ya bugu a kai, a kai shi asibiti, a neme ni daga baya. Ka bar wani abu a ajiye, ko ka faɗi sunan wanda za a je wurinsa a kasuwa. Inda akwai inshorar lafiya, kamar ta Ghana da aka kafa tun 2003, ku yi wa yara rajista ku riƙa sabunta ta. Shugabannin zango da ƙungiyoyin 'yan kasuwa ma ya kamata su ware wani abu na irin wannan rana.

Na biyu, al'adarmu ta cewa a kai shi gida a yi magani. Tafiyar kwana biyu a mota, ga gargada, ga ƙura, ga jira a kan iyaka, da yaron da ƙofar ƙwaƙwalwarsa ke buɗe, ganganci ne. A yi maganin a inda abin ya faru. Ko jirgi ne, sai an tambayi likita.

Na uku, takardu. Mu masu ƙaura ne, yaron da aka kwantar a Duwala bana wataƙila baɗi yana Kano wurin kakarsa. Ku ɗauki hoton takardar sallama da sakamakon hoton kai a waya, ku tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye, kuma duk wanda zai riƙi yaron a gaya masa tarihin.

Na huɗu, yaran da ba namu muka haifa ba: yaran shago, 'yan riƙo, almajirai, masu talla. Su ne suka fi hawa kan kaya, su ne kuma suka fi ɓoye faɗuwa don tsoron duka. Yaron da ya san za a zane shi in ya ce ya hau bishiya ba zai faɗa ba, sai dai ka ga yana goge hanci da hannun riga. Ku fara tambaya kafin faɗa. Kuma mu kanmu mu daina dukan yara a kai da mari a kunne.

Babur kuwa, ko acaɓa muka kira shi, ko kabu-kabu, ko zemijan, ko bensikin, ko kilando, shi ne motar yaranmu zuwa makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma hular kwano da aka ɗaura daidai na rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin ɗari. Akwai ta yara a kasuwa. A daina jera yara huɗu a babur guda, a sa wa bene da soro abin tsaro, a hana su gudu da tsinke a baki. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka ne, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Mai tambaya ya aiko ta adireshin mujalla kamar kullum. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu duba ƙunar wuta da ruwan zafi a gidajen haya, inda ake girki a tsakar gida yara na kai da komo. Allah Ya tsare mana su, Ya ba marasa lafiya sauƙi.